Tazarar Haihuwa Tsakanin Asibitin Hukuma da Shagon Mai Kemis



Mas'alar da muka ɗauko yau tana daga cikin al'amuran da Bahaushe, saboda kunyar da aka san shi da ita, ya fi so a yi su cikin ɗaki da murya ƙasa-ƙasa. Amma da yake malaman fiƙihu na farko, waɗanda suka fi mu kunya, suka kuma fi mu tsoron Allah, ba su ji nauyin buɗe mata babi a cikin littattafansu ba, da yake kuma rayukan mata da na jarirai suna rataye a kanta, ba mu ga wani uzuri da zai sa gidan rediyo ya kau da kai daga gare ta ba. Mas'alar kuwa ita ce ta tazarar haihuwa, musamman ta wannan fuska: idan miji da matarsa suka yi shawara a tsakaninsu, suka ga maslaharsu tana cikin a ɗan huta kafin wani cikin, ina za su sami abin da za su yi amfani da shi, a hannun wa, a kan nawa, kuma wa ya kamata ya ɗauki nauyin kai shi inda suke, hukuma ce ko 'yan kasuwa?

Ba za mu daɗe a kan hukunci ba, domin masu abin sun riga sun yi magana. Jamhurin malamai sun halatta azlu, wato zubar da maniyyi a waje, tsakanin ma'aurata, Imamu Malik ya sharɗanta a nemi izinin matar, Imamu Gazali kuwa, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa kiyaye lafiyar mace da gudun shiga ƙunci a cikin dalilan da ba a zargin mai yinsa saboda su. A zamaninmu kuma, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwaiti cikin Disambar 1988, ta yanke cewa ba ya halatta hukuma ta kafa dokar da za ta iyakance wa mutane yawan 'ya'yansu, ba ya halatta a kashe haihuwa ɗungurungum sai bisa larura, amma ya halatta ma'aurata su jinkirta ciki na wani lokaci bisa shawara da yardar juna, matuƙar hanyar halal ce kuma babu cutarwa a cikinta. Kakanninmu ma, tun ba su san ƙwaya ko allura ba, sun san goyon shekara biyu, sun san mai jego ta tafi gidan iyayenta ta daɗe, sun kuma san irin zunɗen da ake yi wa macen da ta yi kwanika, da irin ramar da yaron da aka yi wa rurrutsa yake yi. Abin da ya sauya shi ne zaman gida ya sauya: mata ɗaya, ɗaki ɗaya na haya, babu kishiyar da za ta karɓi girki, babu kuma uwar da za a tafi wurinta a share wata da watanni.

Likitoci sun zo sun ƙarfafa abin da tsofaffi suka gano da idonsu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar mace ta sami akalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta ɗauki wani ciki, domin jikinta ya mayar da jinin da ya rasa, ɗan da ke hannu kuma ya sami nono isasshe. Duk da haka, wani ƙiyasi da cibiyar Guttmacher ta fitar na shekarar 2019 ya nuna mata miliyan 218 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suna so su kauce wa ɗaukar ciki, alhali ba sa amfani da wata hanya ta zamani. A Nijeriya, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami kashi 12 cikin 100 na matan aure suna amfani da hanyar zamani, kashi 19 kuwa suna son hutu ko tsayawa amma ba sa amfani da komai, kuma binciken nan dai shi ne ya ƙiyasta mata 512 suna mutuwa ta dalilin ciki da haihuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Gaskiya ne ba duka waɗannan mata ne rashin kaya ya hana ba. Akwai mai tsoron rikicewar al'ada, akwai wadda maigida bai amince ba, akwai wadda ta ji labarin abin da ya sami maƙwabciyarta. Amma akwai kuma jama'a masu yawa da suka yi niyya, suka tashi, suka taka har bakin ƙofa, aka sallame su hannu rabbana, kuma a kansu ne muke so mu tsaya.

Ku ɗauki mace a wani ƙauye mai nisan tafiyar sa'a guda daga asibitin sha-ka-tafi, wadda ta yi wata uku tana ƙirga kwanaki, ta nemi izinin maigida, ta bar manyan yara wurin maƙwabta, ta goya ƙaramin, ta biya ɗan acaba, ta iso ta zauna a kan benci tun hantsi har azahar ta gabato, sa'ad da layi ya zo kanta, ta miƙa kati ta ce, "Malama, allurar wata uku na zo a yi mini, yau ce ranata," sai ma'aikaciyar, wadda ita ma ba laifinta ba ne, ta ce, "Wallahi, baiwar Allah, ta ƙare tun makon jiya, sai dai ki karɓi ƙwaya, ko ki dawo wani watan ki gwada." Ƙwaya kuwa ta taɓa gwada ta, ta san ba za ta iya tuna shanta kullum ba, ga shi kuma a ɗakin da take babu inda za ta ajiye ta ba tare da uwar miji ta gani ba. Tun 2011 gwamnatin tarayyar Nijeriya ta yi shelar cewa kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin hukuma, kuma wannan shela abin yabawa ce. Sai dai idan aka haɗa kuɗin acaba zuwa da dawowa, da kuɗin kati, da na safar hannu da auduga da gwajin ciki waɗanda a wurare da dama ake cewa mace ta saya, da yinin sana'a da ta rasa, kana aka ce mata babu, to, kyautar nan ta fi abin sayarwa tsada nesa ba kusa ba, tun ba ma idan cikin da ta zo gudu ya shiga kafin wancan watan da aka ce ta dawo.

Daga nan ina ta nufa? Kowa ya sani: shagon mai kemis, wanda yake bakin kasuwa, yake buɗe har bayan sallar isha'i, ba ya neman kati, ba ya tara mutane a benci, yana kuma ba da bashi. Sau da yawa ma ba ita za ta je ba, maigidan ne zai biya da tsohon kwali a aljihu, ya jira mutane su ragu, ya ce, "Likita, irin wannan za ka ba ni." Shi kuma ya duba kanta ya ce, "Alhaji, wannan kam babu, amma ga ƙanwarta, duk aikinsu ɗaya." Bai tambaya ko matar tana da hawan jini ba, bai tambaya ko jaririnta ya kai wata shida ba, alhali akwai nau'in ƙwayar da ba a so mai hawan jini ko mai ɗanyen goyo ta sha, galibi kuma ba mugunta ce ta hana shi tambaya ba, babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa ne. An ƙiyasta masu irin waɗannan shaguna sun kai 200,000 a Nijeriya, kuma binciken 2018 da muka ambata ya nuna kashi 41 cikin 100 na masu amfani da hanyar zamani daga hannun masu zaman kansu suke samu, kashi 54 daga hukuma, inda allura da abin da ake sakawa a dantse suka fi fitowa daga asibiti, ƙwaya da kororon roba kuwa daga kemis. Saboda haka muhawarar da ake yi a ɗakunan taro, cewa hukuma ce ta cancanta ko kasuwa, talakawa sun daɗe da yanke ta da ƙafafunsu: suna zuwa duk inda suka tarar da ƙofa a buɗe.

Ƙasar da ta fara lura da wannan a babban mataki ita ce Indiya. A 1968 gwamnatinta, bayan ta ga ganyen shayi da sabulu da batir da taba suna isa ƙauyukan da ma'aikacin lafiya bai taɓa takawa ba, sai ta kira manyan kamfanonin da ke rarraba waɗannan kaya, irin su Hindustan Lever da Brooke Bond da Lipton, ta ba su kororon roba mai suna Nirodh wanda ta riga ta biya mafi yawan kuɗinsa, domin su bi da shi ta hanyoyinsu, a sayar a kan ɗan abin da talaka ba zai ji ba, mai shago kuma ya sami 'yar ribar da za ta sa ya ajiye shi a kanta. Wannan ita ce asalin dabarar da ta watsu a duniya daga baya, ta sayar da kayan lafiya da rangwame ta hannun 'yan kasuwa. Wajibi ne kuma, tun da mun ambaci Indiya, mu ambaci abin kunyar da ya biyo baya, domin a zamanin dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977 an yi wa miliyoyin mutane, akasarinsu maza talakawa, aikin kashe haihuwa, da yawansu bisa tilas ko yaudara. Wannan yana cikin abin da ya jawo wa gwamnatin faɗuwa a zaɓe, ya kuma sa jama'a suka yi shekaru suna gudun duk wanda ya zo musu da maganar. Wanda duk yake mamakin zargin da mutanenmu ke yi wa irin waɗannan shirye-shirye, to, ya san zargin yana da tarihi, kuma babu abin da ke kashe shi sai a bar wa ma'aurata zaɓinsu cikakke.

Amma ƙissar da ta fi dacewa da halinmu ta Bangaladash ce, ƙasar Musulmi, matalauciya, mai cunkoson jama'a, wadda a 1975 mace takan haifi 'ya'ya shida da ɗoriya, kuma kashi 8 cikin 100 kacal na matan aure ke amfani da wata hanya. A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa wani shiri can da tallafin Amurka, aka fito da kaya iri biyu: kororon roba mai suna Raja, da ƙwaya mai suna Maya, duka a farashi mai rahusa, duka da talla a rediyo da allunan kan hanya. Raja ya karɓu ƙwarai, har cinikinsa ya kai guda miliyan 50 a 1983, domin maza ne ke zuwa kasuwa, su ke jin tallar, su ke saye, ba sa kuma bukatar kowa ya yi musu bayani. Maya kuwa, ko da yake ƙwaya ce ingantacciya, sai cinikinta ya yi ta ja da baya, masu shirin suka rasa gane dalili, har sai da suka shiga ƙauyuka suka bincika, suka tarar da cewa macen karkara ba ta haɗiye magani don ta ji shi a rediyo, sai ta tambayi mai maganin ƙauyensu, wanda ba shi da takardar likita, amma shi ne yake duba 'ya'yanta idan zazzaɓi ya kama su. Shi kuwa, da yake an tsallake shi, ba a gaya masa komai ba, ba ya kuma samun wata riba a kan abu mai arha haka, sai ya riƙa cewa Maya maganin banza ne, kuma duk matar da ta zo masa da jiri ko tashin zuciya, waɗanda kan faru a watannin farko su wuce, sai ya ce ta daina sha.

Abin da ya burge ni a cikin wannan ƙissa shi ne masu shirin ba su tsaya zagin masu maganin ƙauye da jahilci ba, ba su kuma nemi hukuma ta kore su ba. Sun koma sun neme su, suka koya musu yadda ƙwayar ke aiki, da wadda ta dace ta sha da wadda ba ta dace ba, da abin da za a gaya wa mace idan ta ga sauyi a jikinta, suka kuma fito da wata ƙwayar da suka bi da ita ta hannunsu. Shirin nan shi ne ya zama kamfanin da ake kira SMC a 1990, wanda daga 1998 ya kafa jerin masu magani horarru a ƙarƙashin alamar Blue Star, har suna yin allura, wanda kuma a yau fiye da sulusin masu amfani da hanyar zamani a ƙasar kayansa suke amfani da su. A ɗaya gefen kuma gwamnati ba ta naɗe hannu ba: ta ɗauki dubban mata ma'aikata suna bi gida-gida, suna shiga inda namiji ba ya shiga, suna kai kaya kyauta ga matan da ke cikin kulle. Da aka haɗa hannun nan biyu, sai ga shi yau fiye da kashi 60 cikin 100 na matan aure a Bangaladash suna amfani da wata hanya, mace-macen mata wajen haihuwa kuma ya ragu ƙwarai da gaske.

To, mu a nan mun daɗe muna yi wa mai kemis kallon da aka fara yi wa mai maganin ƙauyen Bangaladash: doka ta yarda ya sayar da kororon roba, ya kuma ci gaba da ba da ƙwaya ga wadda aka riga aka ɗora a kanta a asibiti, ta hana shi allura, shi kuwa a wurare da yawa yana yin allurar a bayan labule, kowa ya sani, hukuma ta yi kamar ba ta gani ba, sai ranar kame. Wannan hali ya tara sharrin ɓangarorin biyu, domin ba a hana ba, ba a kuma koyar ba. An fara gyara, alhamdu lillahi. Hukumar da ke kula da masu harhaɗa magunguna ta gwada wani tsari a jihohin Kaduna da Legas, tare da ƙungiyar Society for Family Health, inda aka kasa masu kemis mataki uku gwargwadon iliminsu, domin a cikinsu akwai ma'aikatan jinya da ungozomomi da jami'an lafiya na al'umma waɗanda suka yi ritaya ko ba su sami aikin gwamnati ba, aka horar da kowane mataki a kan abin da zai iya, aka kuma koya musu lokacin da ya wajaba su tura mace asibiti. Ra'ayina shi ne wannan tsari ya cancanci a shimfiɗa shi a kowace jiha, da sharaɗin sa ido na gaskiya, domin kasuwar da babu mai duba ta ita ce matattarar jabu, da maganin da wa'adinsa ya wuce, da wanda ya yini a rana cikin tire a kan ɗan talla. Mayar da dillalan magani na Sabon Garin Kano zuwa cibiyar Dangwauro da aka yi a 2024, duk da ƙorafin da ya jawo, yana da wannan fa'ida, cewa akalla an san ƙofar da kaya ke shigowa da wadda suke fita.

Ɗan kasuwa yana da wani amfanin kuma, wanda Sanagal ta gano. Can ma asibitocin hukuma sun yi fama da yankewar kaya, domin an ɗora wa ungozoma, wadda aikin karɓar haihuwa ya riga ya sha mata kai, nauyin lissafin abin da ya rage, da cike takardu, da neman mota, da zuwa ɗauko kaya daga ma'ajiyar gunduma. Daga 2012 sai aka juya al'amarin: aka ɗauki 'yan kasuwa masu motoci haya, kowane wata su zagaya asibitoci, su ƙirga abin da ke kan kanta, su cike giɓin nan take, a biya su gwargwadon cikar aikinsu. Cikin 'yan shekaru yankewar kaya ta sauko ƙasa da kashi 2 cikin 100 na asibitocin, yawan matan aure masu amfani da hanyar zamani kuma, wanda yake kashi 12 a 2011, ya ninka cikin ƙasa da shekara goma. Kaya na hukuma ne, asibiti na hukuma ne, ɗan kasuwa dako kawai ya yi, dakon kuwa shi ne abin da ya gagara.

Sai maganar wa zai biya, wadda ita ce mafi ɗaci. Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, ta kafa hukumar tsarin iyali a 1970, ta nemi malamai tun da wuri, majalisar malaman ƙasar kuma ta ba da fatawar halacci da sharuɗɗanta a 1983. Amma da masu amfani suka yawaita har baitulmali ya fara nishi, sai daga 1987 gwamnati ta shiga jan hankalin masu hali su riƙa saye da kuɗinsu a wurin likitoci da ungozomomi masu zaman kansu, ta kuma baza ungozomomi fiye da 50,000 a ƙauyuka, har aka wayi gari mafi yawan mata daga hannun masu zaman kansu suke samu. Hikimar a fili take. Matar babban ma'aikaci da ta zo da mota ta karɓi allura kyauta, ta karɓi rabon waccan da muka bari a kan benci ne. Kaya masu rangwame kuma, idan aka cika kasuwar birni da su ba lissafi, suna korar ɗan kasuwar da zai shigo da nasa da kuɗinsa, a wayi gari kowa ya dogara da tallafi. Adalci shi ne mai hali ya saya, mai ƙaramin ƙarfi ya sami rangwame, fakiri ya samu kyauta, kuma kyautar ta kasance tana nan ranar da ya zo.

Kada kuwa wani ya fahimci cewa muna kiran hukuma ta sallama wa kasuwa al'amarin, domin ɗan kasuwa yana tsayawa ne inda riba ta tsaya, kuma ba zai kai kaya rugar da mota ba ta shiga da damina ba, balle garuruwan da rashin tsaro ya watsa. Akwai kuma hanyoyin da ba a sayar da su a kan kanta, kamar robar mahaifa, da ɗan siririn abin nan da mata ke kira ashana, wanda ake sakawa ƙarƙashin fatar dantse ya yi shekara uku ko biyar. Waɗannan suna bukatar hannu horarre wajen sakawa, suna kuma bukatarsa wajen cirewa, kuma zalunci ne a saka wa mace kyauta a ranar gangami, sa'an nan ranar da ta so haihuwa ko jini ya dame ta, a rasa mai cire mata sai da kuɗi. Hatta sauƙin farashi ma, sau da yawa hukumomi ne ke samar da shi. A 2013 wasu gwamnatoci da gidauniyoyi suka yi wa kamfanin Bayer alkawarin sayen ashanar Jadelle guda miliyan 27 cikin shekara shida, shi kuma ya sauke farashi daga dala 18 zuwa dala 8 da rabi. Haka allurar Sayana Press, wadda take zuwa a ɗure cikin 'yar robarta da tsinkenta, har mace kan iya yi wa kanta a gida bayan an koya mata, an fara gwada ta daga 2014 a Burkina Faso da Nijar da Sanagal da Yuganda, an same ta a kan dala guda, daga 2017 kuma ƙasa da haka. Ga matar da ke nesa da asibiti, a koya mata sau ɗaya a ba ta guzurin watanni ta tafi da shi, ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Duk wannan gini kuwa, a yawancin ƙasashenmu, an ɗora shi a kan kuɗin baƙi, kuma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Amurka ta daɗe tana ba da dala miliyan 600 da 'yan kai kowace shekara a wannan fanni, ita ce kan gaba cikin masu bayarwa. A 2025 sai ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, har aka ji labarin kayan tazarar haihuwa na kusan dala miliyan 10, waɗanda aka saya domin ƙasashe matalauta, suna jibge a wata ma'ajiya a Beljiyam, gwamnatin Amurka tana cewa za ta lalata su. A shekarar ta 2025 dai, kason da kasafin kuɗin tarayyar Nijeriya ya ware wa tsarin iyali ya faɗo daga naira biliyan 2 da ɗoriya zuwa ƙasa da miliyan 70. Akwai abin dubawa a nan ga masu cewa al'amarin nan makircin Turawa ne: ga shi Turawan sun janye, matan da ke zubar da jini a ɗakunan haihuwa kuwa namu ne, ba su je ko'ina ba. Ƙasar da ta sayi kayanta da kuɗinta ita ce ke da ikon cewa ga abin da take so, ga abin da ba ta so, ga kuma ladubban da za a bi wajen bayarwa, mace ta duba mace, a kiyaye sirri, kada a tilasta wa kowa.

Ba za mu rufe ba sai mun taɓo maigida, tun da a gidajenmu shi ne mai izini, shi ne mai zuwa kasuwa, sau da yawa kuma shi ne mai tsayawa gaban mai kemis. Maƙwabtanmu na Nijar sun gane haka, inda tun wajen 2008 aka fara makarantun mazaje a jihar Damagaram, magidanta masu mutunci suna haɗuwa suna tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti da hutun matansu, kana su yi wa 'yan'uwansu magana a majalisa da bakin masallaci, abin da ma'aikaciyar lafiya ba za ta iya ba.

Don haka kiranmu ga 'yan majalisun jihohi shi ne, idan kasafin kuɗi ya zo gabanku, ku nemi layin sayen waɗannan kaya da na dakonsu, ku tabbatar an saka, ku kuma bi sawu har a saki kuɗin, domin abin da aka rubuta a takarda ba a sake shi ba, ba ya isa kan kanta. Ga hukumomin lafiya, ku kira masu kemis na yankunanku ku koya musu, ku ba wanda ya cancanta shaidar da zai rataya a ƙofa, ku rufe shagon mai sayar da jabu ko ɗan wane ne. Ku kuma masu kemis, ku ji tsoron Allah a kan amanar da ke hannunku, abin da ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, ku tura asibiti. Kai kuma maigida da kake sauraronmu yanzu, idan kun yanke shawarar hutu kai da iyalinka, kada ka tafi da tsohon kwali a aljihu. Ka ɗauke ta ku je tare, a auna jininta, a yi muku bayani ku biyu, ku zaɓi abin da ya dace da jikinta.